Rumbun Baba

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne. A wani ƙauye da ke bakin Kogin Haɗeja aka haife shi, cikin ƙasar da yau take Jihar Jigawa, kuma bai taɓa zama a ajin boko ba. Da ci-rani ya fara shigowa Kano yana saurayi. Ya yi dako, ya yi awo a ƙarƙashin wani ubangida, har Allah ya buɗa masa ya mallaki sito-sito nasa na kansa a kasuwar Dawanau, kan hanyar Katsina. Gero da dawa da masara da wake ya yi ta juyawa har tsufa ya zo. Da kuɗin hatsi aka yi mana karatu. Ni na zama malamar makaranta, Yayanmu babba ya bi shi kasuwa, ƙannena kowa ya kama inda Allah ya tsaga da rabonsa.

Tun ina ƙarama na san cewa idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, Baba zai sa a loda buhunan gero a mota a kai ƙauye wurin ƙanensa, Baffa. Ba ya bin motar, ba ya kiran kowa ya gani. Abokan kasuwancinsa kuwa a watan azumi suke rabo, layi har bakin titi. Shi ma yana fitar da zakkarsa yadda aka wajabta, yana kuma ciyarwa da azumi, amma babbar kyautarsa ta damina ce. Bayan na yi aure na taɓa tambayarsa dalili. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na.

Ya ce, "Uwata, da azumi kowa yana tunawa da talaka. Wa ke tunawa da shi ranar noman firi?"

Sai ya gyara zama ya yi mini bayanin da har yau shi ne ginshiƙin duk abin da muke yi. Ƙaramin manomi abin da ya girba ba ya kai shi shekara. Da kaka yakan sayar da wani sashe da araha don biyan bashi da auren 'ya da maganin mara lafiya. Kafin ruwa ya sauka rumbu ya yi ƙasa, zuwa lokacin da aka yi shuka ya koma wayam, kuma a daidai lokacin ne hatsi ya fi tsada a kasuwa. To magidanci ya tashi da safe, gonarsa tana son noma, gidansa babu abin ɗorawa. Dole ya saɓa fartanya ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo awon yini. Kafin ya waiwayi tasa gonar ciyawa ta shanye geron. Ya makara a firi, ya makara a maimai, da kaka ya sami ɗan abin da bai kai na bara ba. Wani kuma ya ci bashin buhu ɗaya da sharaɗin ya biya biyu idan an yi girbi. Baba ya ce shi a gidan da aka yi haka ya tashi, ya ga mahaifinsa yana noma gonar wani alhali tasa tana lalacewa. Ya ce a shekarun 2012 da 2013, da azumi ya faɗo cikin Yuli da Agusta, mutanen ƙauye sun ɗan sami sa'ida domin alherin masu hali ya zo daidai da yunwarsu, amma da watan ya ja baya zuwa bazara sai aka koma gidan jiya.

Allah ya karɓi ransa a watan Afrilun 2020, cikin makonnin nan da dattawa suka yi ta rasuwa a Kano ana tsakiyar kullen korona. Mutumin da na yi zaton sahun jana'izarsa zai cika unguwa, 'yan tsirarun maƙwabta ne suka sallace shi. An hana tafiya tsakanin jihohi, don haka mutanen ƙauye ba su sami zuwa ta'aziyya ba. Ta waya Baffa ya yi kukansa.

Da watan Yuli ya kama ba a riga an raba gado ba, Hajiya mahaifiyarmu kuma tana cikin takaba. Wata safiya ta aika a kira Yaya. Ta ce masa ruwa ya zauna, mutanen nan suna zuba ido, a loda mota kamar yadda aka saba, a rubuta a cire kuɗin daga tumuninta idan an zo rabo. Yaya ya ce, "Hajiya, ai sai mu haɗa mu biya." Ta ce wanda ya ga dama ya ƙara, amma nata kason ba za a taɓa shi ba sai an fitar da wannan. Motar ta tafi a shekarar ba tare da an tsallake ba.

Baba ya bar wasiyya a rubuce da ajami a hannun wani amininsa malami, da shaidu biyu. Ya ce sito ɗaya daga cikin nasa a yi masa sadaka mai gudana da shi. Da aka ƙiyasta dukiyar sai aka ga siton bai kai sulusi ba, wato bai wuce iyakar da shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da ita ba, saboda haka babu wani magaji da ke da ikon hanawa, kuma babu wanda ya so ya hana. Inda muka rabu shi ne me za a yi da shi. Yaya yana son a sayar a gina masallaci. Ƙanena ya ce a haƙa rijiyoyin burtsatse, ya kawo labarin Sa'adu ɗan Ubada wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Gwaggo tana ganin a raba wa marayun dangi a huta. Kowa da hujjarsa mai kyau, kuma an ɗan ɗaga murya, domin mutuwa tana sa zuciya ta yi laushi ta kuma yi saurin tashi.

Hajiya ta bari kowa ya gama, sannan ta ce ƙauyen yana da masallacin Juma'a, yana da ruwa har ya yi musu yawa wata shekarar, abin da ba su da shi shi ne wanda zai aika musu gero a watan bakwai. Ta ce, "Mutumin nan ya nuna muku abin da yake so da hannunsa shekara da shekaru. Me kuke nema kuma?"

Malamin da ke riƙe da wasiyyar ne ya warware mana yadda za a yi. Ya ce kada a sayar da siton, a mayar da shi hubusi, abin da wasu ke kira waƙafi. Ya ba mu misalin Sayyidina Umar da ya sami gona a Khaibar, aka umarce shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta. Siton zai zauna a Dawanau ana ba da shi haya, kuɗin hayar kuma a sayi hatsi duk shekara. Daga nan gidauniyar tunawa da Baba ta samo asali, ko da yake a ƙauye babu mai ce mata gidauniya. Rumbun Alhaji suke cewa.

Tsarin ba shi da wuya. Da kaka, lokacin da sabon gero ya cika kasuwannin ƙauye irin su Gujungu da Maigatari farashi ya faɗi, Yaya yakan tura yaransa su yi sayayya. Yawanci gero ne, domin shi ne abincin mutanen, tuwo da kunu da fura duk daga gare shi, kuma yana jure ajiya idan ya bushe sosai. Akan ƙara dawa da ɗan wake. Waken a buhun PICS ake zuba shi, mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Buhunan ana jera su kan katako, nesa da bango saboda gara da danshi. Ɗakin ajiyar a kan tudu Baffa ya dage a gina shi, can bayan gari, duk da mun so kusa da hanya don sauƙin sauke kaya. Daga nan sai a kulle har ruwa ya zauna.

Idan an buɗe, hatsin kashi biyu ne. Akwai na kyauta, na matan da mazajensu suka rasu da tsofaffin da ba su da mai yi musu da gidajen da ke riƙe da marayu ko mara lafiya. Akwai kuma na rance, na magidantan da ke da gona da ƙarfin noma, abinci kawai suka rasa. Wanda ya karɓi tiya goma zai dawo da tiya goma da kaka, da tiyar da aka auna masa, babu ƙarin ko ƙwaya ɗaya, domin malam ya ja mana kunne cewa duk rancen da aka sharɗanta masa ƙari riba ce. Ba a ba mutum rabonsa gaba ɗaya. Akan ba shi lokacin firi, a sake ba shi lokacin maimai, a cika masa cikin marka kafin a fara cin tumu. Baffa ya ce haka Baba yake yi, don buhu guda idan ya shiga gidan da ake bin bashi, kafin mako ya zagayo ya koma kasuwa.

Babban aiki shi ne sanin wa za a ba. Dagaci da liman suna cikin kwamiti, amma su ma sun yarda cewa namiji ba ya sanin abin da ke bayan zaure. Mai faɗa a bakin masallaci cewa ba shi da komai sau da yawa yana da ɗan abin taɓawa, wanda ya fi kowa shiga uku kuwa yakan wanke rigarsa ya fito ya gaisa da mutane kamar ya ƙoshi. Saboda haka muka sa mata a ciki: ungozomar garin da wata mai kitso da malamar Islamiyyar matan aure. Su ne ke shiga gida-gida, su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya.

Ungozomar ce ta kai ni wani gida a damina ta biyu, lokacin hutun makaranta. Matar ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, mijinta ya rasu da rani ya bar ta da ƙananan yara. Ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa a kwanon sha, tana ta ba da haƙuri wai ba ta san da zuwanmu ba da ta dama fura. A kan murhu akwai tukunya tana tafasa. Ungozoma ta miƙa hannu ta buɗe, ganyen tafasa ne da ɗan tsaki da bai cika tafin hannu ba. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai yara suna son kwaɗo ne." Babban ɗanta, yaron da bai isa riƙe garma ba, yana gonar wani yana ƙwadago, gonar ubansa kuma ko firi ba a yi ba. Ba mu ce mata komai ba, muka yi hira muka tashi. Bayan sallar isha'i samari biyu suka tura baro zuwa ƙofar gidan, suka yi sallama suka ajiye suka juya. Washegari liman ya yi magana a masallaci aka yi mata gayya aka nome gonar. Da kaka ta aiko wa Hajiya da ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya har Kano. Hajiya ta sa aka yi miya da su a ranar, ta ce duk wanda ke gidan sai ya ci.

Da daddare ake kai na kyauta, har yau. Na rance kuwa da rana ake aunawa a ƙofar rumbu, kowa yana gani, domin cin bashi ka biya ba abin kunya ba ne. Na ga wani dattijo ya zo biya da kaka a kan amalanke, ya tsaya aka auna tiya-tiya yana ƙirgawa da bakinsa, da aka cika ya ce a duba littafi a soke sunansa a gabansa. Ya ce wannan ce shekarar farko tun da ya yi aure da bai taka gonar kowa da sunan ƙwadago ba. Bayan kwana biyu ya aiko ɗansa da dami guda, ya ce wannan ba biya ba ne, sadaka ce a kai wa Alhaji ladan.

Sai ga ambaliyar 2022. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki a shekarar. Ruwan sama ya yi yawa, kogi ya cika, ga ciyawar kachala da ta daɗe da toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja, sai ya fasa ya bi gonaki da gidaje. Gero yana gab da nuna ruwa ya kwanta a kansa. Gidajen ƙasa suka yi ta rushewa, mutane suka koma makarantar firamare da 'yan komatsansu. Tudun da Baffa ya zaɓa ruwa bai hau shi ba. Abin da ya rage a rumbu aka fitar gaba ɗaya aka riƙa dafawa a makarantar, babu maganar wannan na rance ne wannan na kyauta. Da muka zauna kan bashin shekarar, malam ya karanto mana wata aya ta kusa da ƙarshen Suratul Baƙara da ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya sami sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Aka yafe duka. Rumbu ya koma babu ko tiya, kuɗin haya kuma ba zai iya cika shi shi kaɗai ba.

Wannan ne ya sa muka buɗe ƙofa ga mutanen waje. Don a karɓi kuɗin jama'a da gaskiya sai da muka yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. An rubuta tsarin mulki, an buga sanarwa a jaridu aka jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan aka nemi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya buɗe mana asusu. Cikin amintattun muka sa mutum biyu da ba 'yan gidanmu ba, don kada abin ya zama sirrin dangi. Abokan Baba na Dawanau sun yi abin da ba zan manta ba. Wasu ba su ba da ko sisi ba, buhuna suka riƙa aikowa, wannan biyar wancan goma, wani ya ce shi Alhaji ne ya fara ba shi awo bashi lokacin ba shi da kowa.

Kuɗin bai gama haɗuwa ba sai farkon 2023, daidai lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jefa ƙasa cikin ƙarancin tsabar kuɗi. Kuɗi yana asusu, manomi a kasuwar ƙauye kuma ba ya karɓar taransifa, wani ma ba shi da asusun. Yaya ya koma sayen hatsi a hannun manyan dillalai a Kano da tsada, aka ɗora kuɗin mota. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin dakon ma ya zama wani abu. A daminar shekarar gidajen da muka iya kaiwa sun ragu, kuma babu aikin da ya fi ciwo irin zama da littafi ana cire sunan wanda aka san yana da buƙata don wani ya fi shi.

A nan ne maganar hoto ta taso. Wani mai hali ya yi alkawarin taimako mai tsoka, amma yana son a tara matan a jere, kowace da buhunta a gaba, a ɗauka a sa a Facebook. Ban ɗauke shi mugu ba. An sha cin amanar masu bayarwa, yana son ya ga inda kuɗinsa ya tafi. Hajiya ta ce a gaya masa ga rasit, ga littafin shiga da fita, ga rumbu ya zo ya ƙirga buhu da kansa duk ranar da ya so, amma fuskar matar da ta rasa miji ba za a biya kuɗin gero da ita ba. Ya janye. Raina ya sosu ƙwarai saboda na san gidajen da kuɗin zai rufa wa asiri, amma ina tare da Hajiya har gobe. Yaran matan nan za su girma, waya tana hannun kowa, kuma hoto ba ya gogewa. Wasu masu bayarwar da suka ji sharaɗin sai ma suka ƙara sakin jiki da mu.

A watan Fabrairun 2024, hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Mu ma ga mu da ɗaki cike da gero a kulle, mutane suna wucewa da yunwa suna kallon ƙofar. Wasu samari suka fara cewa ana jiran ya ƙara tsada ne a sayar. Baffa ya tara gari a ƙofar dagaci, ya buɗe littafi ya karanta abin da ke ciki, ya ce idan an cinye shi yanzu da rani, me za a ci ranar firi? Dattawa suka goyi bayansa, aka amince a fitar da kaɗan don gidajen da ba za su iya jira ba, sauran a bar shi sai ruwa ya sauka. Tun daga ranar ake rubuta adadin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita a jikin allo a ƙofar rumbun. Sunan kowa ba ya hawa allon.

Mutanen wani ƙauye da ke maƙwabtaka da namu sun zo sun ce a nuna musu yadda ake yi. Ba su da ɗan gari mai sito a Dawanau, da zakkar amfanin gona suke son farawa, wato ɗaya cikin goma na abin da aka noma da ruwan sama idan ya kai nisabi. Malam ya gaya musu zakka haƙƙin talaka ce, mallaka masa ake yi, ba a ba shi ita rance. Saboda haka suka yi ɗaki biyu, na zakka daban, na rance kuma daga damin da masu hali suka bayar don Allah. Baffa ya yi ta zirga-zirga yana koya musu riƙe littafi.

Yanzu ƙafa ta fara gagarar Baffa, idonsa ma ya rage. Ya nemi a sauke masa nauyin, aka sa wa rumbun kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun wani matashi da gari ya zaɓa, ɗayan yana hannun malamar Islamiyya, ba a buɗewa sai su biyun suna tsaye. A zaman amintattu na ƙarshe matan kwamiti sun kawo ƙorafin cewa gidaje da yawa suna cinye irin shukarsu kafin ruwa ya sauka, don haka aka amince daga kaka mai zuwa za a ware buhunan iri na gero da wake a ajiye su daban, a fitar da su da ruwan farko.